Tocila Ma Kayan Noma Ce

Kwanan baya tafiya ta kai ni wani ƙauye cikin ƙasar Ajingi, dare ya yi mini, na sauka gidan wani dattijo aminin mahaifina. Wajen tsakar dare sai muka ji akuya tana ta kuka a turke, irin kukan nan na naƙuda. Maigida ya tashi ya lalubo tocila ya danna, shiru. Ya bubbuga ta a tafin hannu, ta ɗan ƙyalla sau ɗaya, ta mutu. Ya lalubo wata, ita ma haka. Ƙarshenta da hasken wayata muka fita, ga damina, ga ciyawa ta rufe hanyar turke, shi kuwa ko takalmi bai tsaya sawa ba. Allah ya kiyaye, akuya ta haifi 'ya'yanta biyu, mu kuma muka koma ɗaki ba abin da ya taɓa mu.

Da gari ya waye na ce, "Baba, tocila nawa ka saya daga bara zuwa bana?" Ya yi dariya, ya aiki jikansa ya ɗauko wani tsohon kwando daga bayan rumbu. Muka ƙirga, tocila bakwai, duk matattu. Ya ce, "Ɗana, ai kayan yanzu ke nan. Ka saya ran kasuwa, kafin kasuwa huɗu ta zagayo sun zama abin wasan yara."

Muka zauna a zaure ni da yaron, muka kwance su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, muna taɓa ƙwan kowace da batir mai rai. Jama'a, cikin bakwai ɗin nan shida ƙwansu lafiya lau, haske fari fat. Uku makunni ne ya lalace, biyu batir ne ya yi ruwa tsatsa ta cinye sifirin, ɗaya kuwa 'yar waya ce kaɗai ta tsinke. Watau abin da ya fi daraja cikin tocilar yana nan da ransa, an jefa shi bayan rumbu saboda abin da bai kai shi kuɗi ba.

Dalilin da ya sa na kawo maganar nan filin manoma ke nan. A ganina tocila kayan noma ce, tamkar fartanya da lauje. In fartanya ta gutsure ba mai jefar da ita, wurin maƙeri ake kai ta. In ƙota ta karye, sai a sassaƙa wata. To, haka ya kamata mu riƙe tocila. Mu san abin da ke cikinta, mu iya gyaranta, in ta kama ma mu haɗa tamu da hannunmu.

Aikin Dare

Wanda bai taɓa noma ba yana tsammani aikin manomi daga safe zuwa la'asar ne. Manomi kuwa ya san ba haka ba ne. Mai noman rani a fadamun kogin Wudil sau da yawa da dare yake ban ruwa. Mai gyaɗa da mai wake in sun tara amfani a gona, can suke kwana suna gadi. Mai kiwo sai ya zagaya garke kafin ya kwanta. Mai kai dabba ko hatsi kasuwar Wudil ran Juma'a, tun da duhu yake ɗaure kaya. Uwargida in ta ji kaji sun firgita a akurki, tilas ta fito ta ga ko muzuru ne ko tunku. Har tsutsar nan mai cin masara da ta ɓullo ƙasar nan a 2016, da dare ta fi cin ganye, da rana sai ta ɓuya cikin tsakiyar shuka.

Duk wannan zirga-zirga cikin duhu ake yinta, maciji kuwa ba ya sallama. Kububuwa da dare take yawo, kasa kuma sai ta kwanta a kan hanya ba ta ko motsi har a taka ta. Saran maciji ya yi wa manoma ɓarna har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2017. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum don masu saran maciji. Kuɗin kwalba ɗaya ta allurar dafi ya fi kuɗin tocila goma, ga kwanan jinya a tsakiyar noma. Rigakafi dai ya fi magani.

A da aci-bal-bal da fitilar ƙwai muke dogara gare su. To, tun da Gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, ya zama abin da talaka ke saye da ɗan kwalba. Ban da tsada ma, wa ya manta da gobarar da fitila ke jawowa in ta kusanci harawa ko auduga ko jinkar rumbu? Wutar lantarki kuwa ba kowane ƙauye ta kai ba, inda ta kai ma wayarta ba ta bin mutum gona.

Ƙwan Zamani

Abin da ya sa haɗa tocila a gida ya yiwu yau shi ne ɗan ƙwan nan da ake kira LED. Wani injiniya a Amurka mai suna Nick Holonyak ya fito da mai jan haske a 1962, shi ne irin wanda muka daɗe muna gani a jikin rediyo yana nuna an kunna ta. Mai shuɗin haske ya daɗe yana gagara, sai farkon shekarun 1990 wasu masana uku na ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasara a kansa. Da aka shafa wa shuɗin wani gari mai launin rawaya, sai haskensa ya koma fari. Saboda wannan aiki aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Ga bambancinsa da tsohon ƙwai. Tsohon ƙwan tocila wani siririn zare ne a cikinsa, sai ya yi zafi ja wur sa'an nan ya ba da haske. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batir a zafi yake tafiya a banza, in tocila ta faɗi kuma zaren ya tsinke. Sabon ƙwan ba shi da zare. Wutar da tsohon ƙwai ɗaya ke ci ta ishi ƙananan nan fiye da goma, in ba a ɗura masa wuta fiye da ƙima ba kuwa yakan yi awa dubbai yana aiki.

Samarinmu sun riga sun gane haka. Masu tunawa za su tuna fitilun nan da suka cika kasuwanni a tsakiyar shekarun 2000, waɗanda ake jera ƙwayaye a jikin tsohon faifan CD, a kafa shi bisa ɗan akwatin katako mai batir uku. A nan ƙasar ake haɗa su. Dabarar ta yi kyau, aibinsu ɗaya: ana haɗa ƙwayayen kai tsaye da batir, shi ya sa suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Gama ƙwan nan yana da sharaɗi biyu. Na fari, ta hanya ɗaya wuta ke bi cikinsa. Ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajeriya. Doguwar ita ke fuskantar kan batir, wajen ɗan tsinin nan, gajeriyar kuma gindin batir. In aka juya ba zai kama ba. Na biyu, yana da ma'auni. Mai ban ruwa zai fi kowa fahimta. In ka buɗe wa rafin dashe bakin injin gaba ɗaya, ruwan ba raya shi zai yi ba, kwashe shi zai yi. Sai ka tsuke ƙofar ruwa ya shiga a hankali. To, ƙarfin turawar wuta shi ake aunawa da bolt, yawan wadda ke gudana kuma da miliamfa. Ɗan farin ƙwan nan mai girman ƙwayar wake, bolt 3 ko sama kaɗan yake so, da miliamfa 20 ko ƙasa. Babban batir ɗaya bolt 1.5 ne. Biyu bolt 3 ke nan, ƙwan zai kama amma da batir ya ɗan yi sanyi sai hasken ya dushe. Uku bolt 4.5, ya yi yawa. Saboda haka sai a sa batir uku, a tsuke ƙofar da wata 'yar aba mai zanen launi da masu gyaran rediyo ke kira rizista.

Yadda Ake Haɗawa

Ga kayan da za a tanada. Ƙwai uku ko huɗu, daga matacciyar tocila ko wurin mai gyaran rediyo. Mai shiga Kano zai same su a kasuwar Sabon Gari da araha. Rizista mai om 100, ɗaya ga kowane ƙwai. Alamarta zane uku ne, ruwan ƙasa da baƙi da ruwan ƙasa, sa'an nan wani na huɗu mai ruwan zinariya. Manyan batura uku. Makunni mai ƙwari. Siririyar waya. Guntun bututun roba na famfo wanda batir zai shige ba tare da yana lilo ba, tsawonsa taƙi ɗaya da ɗan ƙari. In babu, gora ma ta yi. Sifirin da madubi da gilashi daga kan matacciyar tocila. Sai robar tsohon tub ɗin keke don ɗauri.

A jera baturan cikin bututu, kan wannan a gindin wancan, a toshe gindin da ɗan katako mai sifirin don ya riƙa tura su. Waya ta tashi daga kan batir na sama zuwa makunni. Daga makunni ta rabu zuwa kowace rizista, kowace rizista kuma ta kama doguwar ƙafar ƙwanta. Gajerun ƙafafun a haɗe su wuri ɗaya, a ja waya ta bi gefen bututu zuwa sifirin na gindi. Shi ke nan. In an riga an datse ƙafafun har ba a gane doguwa, a duba bakin gindin ƙwan, gefen da aka ɗan shafe shi ne na gajeriya.

In ƙwayayen tsohuwar tocila a manne suke jikin ɗan faranti, kada a ɓamɓare su. A ɗauki farantin duka, a ba shi adadin batirin da tocilar ke ci tun asali. Mahaɗar waya kuwa a kai wa mai gyara ya liƙe da dalma, don wayar da aka murɗa da hannu ita ce ke sa tocila ƙyafta ido. Makunni a ɗaura shi a waje inda za a iya sauya shi, tun da mun ga shi ne ke fara mutuwa.

Wanda ba ya son sayen batir kullum yana iya aiki da tsohon batirin wayar hannu. Shi bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, saboda haka rizista mai om 68 ta dace da shi. Amma lalle ne a sa masa ɗan farantin caji da ake kira TP4056, a nemi mai kariya, wanda ke tsai da wuta in batir ya cika. Da shi sai a yi caji da cajar waya ko ɗan farantin sola mai bolt 5.

Mai ban ruwa da mai karɓar haihuwar dabba hannu biyu suke bukata. Su sai su ɗinke ƙwayayen a jikin roba su ɗaura a goshi, batir na cikin aljihu, doguwar waya ta haɗa su. 'Yan kasuwa kuma ga wata fa'ida. 'Yar tocilar nan mai hasken shunayya da kuke duba jabun kuɗi da ita, in aka haska kunama da ita cikin duhu sai jikinta ya yi ƙyalli kore-kore. A gwada a ɗakin ajiya kafin a sa hannu bayan buhu, amma kada a haska ta a ido.

Kada kuma a raina abin da yaro zai iya. A ƙasar Kenya, kusa da gandun dajin Nairobi, wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere, yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka, zakoki suka dami shanun mahaifinsa. Ya lura ba sa kusantar garke in mutum na yawo da tocila. Sai ya tara ƙwayayen matattun tociloli ya kewaye garken da su, ya haɗa da tsohon batirin mota da farantin sola da ɗan akwatin siginar babur, hasken ya riƙa kamawa yana ɗaukewa kamar mai gadi na zagayawa. Zakoki suka daina zuwa, maƙwabta suka ce shi ma ya yi musu. Mu ba mu da zaki a Gaya, ban kuma ce wannan zai kori ɓarawo ba. Abin lura shi ne da tarkacen da muke zubarwa ya yi aikinsa.

Gargaɗi

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Batirin wayar hannu wuta ne a ƙunshe. Wanda ya kumbura kada a taɓa aiki da shi. Kada a huda shi, kada a ɗora masa ƙarfen liƙi ya daɗe, kada a bar ƙusa ko mabuɗi ya haɗa bakinsa biyu, kada a yi masa caji kai tsaye daga sola ko batirin babur. Caji kuma a yi shi a ƙasa, nesa da rumbu da harawa da jarkar fetur, ba ƙarƙashin matashin kai ba.

Na biyu, mataccen batir. Mu mutanen ƙasar Kano tun kaka da kakanni bola muke kwashewa mu kai gona a kan jaki, ita ce takinmu. To, duk batirin da aka jefa bola, gona za shi. Yawancin tociloli masu araha da ake yi wa caji, ɗan batirin da ke cikinsu na dalma ne da ruwan batir. Dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida. A wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a unguwar. Don haka a sami gwangwani mai murfi a riƙa tara matattun batura inda yaro da akuya ba za su kai ba. Kada a fasa, kada a ƙone. Mai liƙi da dalma kuma kada ya riƙe ta da baki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Masu Musu

Na san wani zai ce, "Malam, tocila nawa take a kasuwa da za ka sa mu wannan wahala?" Gaskiya ne guda ɗaya ba ta da tsada. Amma dattijon nan ba ɗaya ya saya ba, bakwai ya saya, a daren da ya bukace su kuma ba wadda ta amsa. Arha dai ba ta ado. Wadda ka haɗa da hannunka, in ta ƙi kamawa ka san inda za ka taɓa.

Wani zai ce ai wayarsa na da tocila. Tana da ita. Amma cajin da ka biya kuɗi aka yi maka shi take sha, har in wani abu ya faru a gona ka rasa abin kiran gida. In kuwa ta sulluɓe cikin ruwan fadama, asarar ta fi ta tocila nesa ba kusa ba.

Zan yarda da abu ɗaya. Ta gida ba za ta jefa haske nesa kamar babbar tocilar kamfani ba. Maharbi da mai gadin babbar gona su sayi mai kyau, su kula da ita. Amma hasken gaban ƙafa, da na turke, da na akurki, da na yaro mai bitar karatu, ta gida ta wadatar.

Ɗan kasuwa kuma kada ya ji tsoro kasuwarsa za ta mutu. Ya ƙara wa tirensa makunni da sifirin da rizista da ƙwayaye. Mai sayar da keke bai taɓa talaucewa don ya ajiye faci da sifok ba.

Roƙona

Ba kowane manomi ne zai zauna yana murɗa waya ba, kamar yadda ba kowa ke ƙera fartanyarsa ba. Abin da ake bukata shi ne kowace kasuwa ta sami saurayi ɗaya mai ɗan tebur, wanda za a kai wa tocila kamar yadda ake kai garma maƙera. Wannan kuwa bai kamata ya gagari mutanen Gaya ba. Labarin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya tashi neman tama har ya sauka Dutsen Dala, Abagayawa kuma zuriyarsa ce. Jikokin masu narka dutse su fid da ƙarfe, ɗan ƙwai mai ƙafa biyu ne zai fi ƙarfinsu?

Ina roƙon ƙungiyoyin manoma na Gaya da Ajingi, daga Kademi har Toranke, su ware yini ɗaya bayan an gama girbi, kowa ya kawo kwandon matattun tocilolinsa, a kira mai gyaran rediyo ya koya wa samari. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, in sun zo hutu, wannan aikin yini ɗaya ne gare su, su taimaka. Malaman makaranta su sa yara su haɗa ɗaya a aji. Akawuna masu karanta wa jama'a jarida kuma, ku yanke wannan shafi ku ajiye, don lambobin nan ba a riƙe su da ka.

Kafin in bar ƙauyen nan, ni da yaron mun ta da tocila biyu daga cikin bakwai ɗin, ba mu sayi kome ba sai batir. Dattijo ya karɓi ɗaya ya danna, ya kashe, ya sake dannawa, ya dubi jikansa ya ce, "Ashe da maƙeri a gidan nan ban sani ba." Ragowar ƙwayayen yaron ya ƙulle su a tsumma, ya ce ta goshi zai haɗa kafin noman rani.

Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani, ko ta yi ko ba ta yi ba, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya tsare mu daga sharrin abin da ke cikin duhu, ya sa mu ga kaka lafiya. Sai mako mai zuwa.